Guga da Rijiya: Bayani a kan Kilen Wifi a Gidajenmu na Gaya

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi.)

Jama'a masu sauraronmu na cikin garin Gaya, da na Tanda da Tunuga da Bengu da Bana da Yelu, da ƴan'uwanmu na ƙetaren kogi a Malanbil, da na Kamba waɗanda muryarmu ke riskarsu idan iska ta yi daidai, barkanmu da warhaka.

Mas'alar da muka ɗauko yau ƙarama ce a ido, domin abin da za mu yi magana a kansa bai fi ɗan yatsan hannu tsawo ba, wani ma bai wuce farcen babban yatsa ba. Amma da yake na ga ya shiga gidaje da yawa a garin nan, tun daga ɗakin ɗalibi mai shirin jarrabawa har zuwa teburin magatakardan da ke cika wa fatake takardun duwan, na kuma ga yadda rashin sanin haƙiƙaninsa yake jawo asarar dukiya da ɓacin rai da zargin juna tsakanin mai saye da mai sayarwa, sai na ga ya wajaba mu zauna mu warware zancensa daki-daki. Abin nan shi ne wanda samarinmu ke kira kilen wifi, wato ƴar na'urar da ake soka wa kwamfuta a kafar USB domin ta riƙa kama intanet ta iska, ba tare da an jawo mata igiya ba.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu, don shi ne sanadin wannan shiri. Wani ɗan ƙanwata, yaro mai himmar karatu, mahaifinsa ya yi ta tattali har ya saya masa kwamfutar tebur ƴar Kwatano, irin mai akwatin ƙarfe da ake ajiyewa a ƙasa, wadda ta yi shekaru tana aiki a wani ofishi na Turai kafin ta hau jirgi ta zo mana. Da yaron ya ga ba ta kama intanet, sai abokansa suka ce ya sayi kile. Ya tara ƴan jikkunansa ya je kasuwa ya sayo, ya komo gida yana murna, ya ɓare kwali, ya juya abin sama ya juya shi ƙasa yana neman inda zai sa pis ɗinsa, wato ɗan katin layin waya, bai ga ko tsaga ba. Bayan sallar magariba sai ga shi a zaure, ransa a ɓace, ya durƙusa ya gaishe ni ya ce, “Kawu, an cuce ni, an ba ni kile marar ƙofa.” Na karɓa na duba kwalin, na ce masa, “Ɗana, ba a cuce ka ba, sai dai kai ne ba ka faɗi sunan abin da kake so ba. Ka je neman rijiya, ka komo da guga.”

To, jama'a, a nan gindin maganar yake, wanda ya riƙe shi kuwa ya riƙe rabin shirin. Kilen intanet iri biyu ne, kamanninsu ɗaya, aikinsu daban. Akwai wanda ake buɗe bayansa a sa masa pis na kamfanin waya, Airtel ko Moov Africa ko Zamani ko Niger Telecom, a saya masa forfe, wato awon intanet na saye, shi da kansa ya yi magana da dogon ƙarfen kamfani da ke tsaye a bakin gari. Wannan shi ake kira modem. Akwai kuma wanda muke zance a kansa, wanda ba shi da pis, ba shi da kiredi, ba ya kuma san wani kamfani, iyakar aikinsa ya saurari wata na'ura da ke kusa da shi, ko salular da aka buɗe wa abin da samari ke kira partaj, wato raba intanet ɗinta, ko ƴar akwatin wifi ta gida, ko ta maƙwabcin da ya ba da izini, ya ɗebo daga gare ta ya zuba wa kwamfuta. Idan babu ɗaya daga cikin waɗannan a kusa, ko da mutum ya sayi kile mafi tsada a duniya, daidai yake da wanda ya rataya sabon guga a ɗaki ya zauna yana jiran ruwa.

Saboda haka nake roƙon ƴan'uwanmu masu shaguna, don girman Allah, idan mutum ya zo ya ce a ba shi kile, a tambaye shi wanne, a kuma tambaye shi daga ina zai ɗebo. Malamanmu na fiƙihu sun sharɗanta a cikin babin ciniki cewa abin sayarwa ya zama sananne ga mai saye, sun hana cinikin da jahilci ya lulluɓe, sun kuma ba mai saye damar mayar da kaya idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Tambaya ɗaya da ba ta cin minti guda tana fitar da ɗan kasuwa daga shubuha, ta sa kuma ribarsa ta yi albarka.

Yanzu sai mu dubi yadda abin yake aiki, kuma ku masu sauraron rediyo kun fi kowa kusa da fahimtarsa, domin kilen nan rediyo ne, sai dai ƙarami, mai ji kuma mai magana. Igiyoyin iskar da ke ɗauko muryata yanzu zuwa akwatinku, waɗanda wani Bajamushe mai suna Heinrich Hertz ya tabbatar da samuwarsu wajen shekarar 1887, har aka sa wa ma'auninsu sunansa, su ne dai kilen yake amfani da danginsu. Bambancin yana wajen sauri da tsawo. Tashoshin FM suna tsakanin megahaz 87.5 da 108, kowace igiya tasu kuma ta kai kamar kamu shida. Wifi kuwa yana aiki a wajen megahaz 2,400, inda igiyar ba ta cika taƙi ɗaya ba, ko kuma wajen 5,000, inda ba ta fi faɗin yatsu uku ko huɗu ba. Ƙarfin da yake fitarwa kuma ɗan kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa muryarmu ke ƙetare kogi ta shiga ƙasar Benin, shi kuwa wani lokaci daga zaure zuwa ƙuryar ɗaki ya gagare shi. A shekarar 1997 aka fitar da ƙa'idarsa ta farko, a 1999 aka raɗa masa sunan nan na Wi-Fi. Ita kuma kafar USB da ake soka shi a ciki ta girme wannan ƙa'ida da shekara guda, don a 1996 ta bayyana.

Sanin wannan yana da fa'ida babba ga mai gida a Gaya, saboda irin gininmu. Abu biyu ne manyan abokan gābar waɗannan gajerun igiyoyi, ƙarfe da ruwa: ƙarfe yana mayar da su baya kamar yadda madubi ke mayar da haske, ruwa kuma yana shanye su. Ku dubi gidajenmu da wannan ido. Katangar laka mai kauri, wadda ke riƙe mana sanyi a watan Afrilu, ita ce ke rage wa wifi ƙarfi, musamman da damina idan ta sha ruwa, mu kuwa Allah ya yi yankinmu shi ne mafi samun ruwan sama a duk ƙasar Nijar. Ƙofar langa-langa da tagar ƙarfe da rufin kwano suna tare shi. Randa cike da ruwa ko firiji idan sun shiga tsakani suna cinye shi. Har jikin ɗan Adam, da yake mafi yawansa ruwa ne, idan jama'a suka cika ɗaki ana ganin alama. Labule da ƙofar katako da zana da asabari kuwa ba su cika hana shi wucewa ba, haka ma azarar giginyarmu ba ita ce matsala ba, sai ƙasar da aka ɗora a kanta.

Da muka koma ɗakin yaron nan, bayan na buɗe masa partaj a salulata don gwaji, abin da na tarar shi ne ya soka kilen a bayan akwatin kwamfuta, akwatin yana ƙarƙashin tebur, bayansa manne da bango, a gefe kuma ga akwatin ƙarfe na tufafinsa. Wato an sa ɗan abin nan a cikin kogo, ƙarfe gaba, ƙarfe gefe, laka baya, sannan ana tuhumarsa da rashin ji. Sanda ɗaya tak yake nunawa cikin sandunan alama, tana zuwa tana ɓacewa. Muka aiki ƙanensa ya aro mana igiyar ƙari ta USB, mai tsawon mita ɗaya da rabi, muka soka kilen a bakinta, muka ɗaure shi da ƙyalle a jikin ƙusar da ke riƙe da kalanda, sama da kan mai zama, yana fuskantar ƙofa. Nan take sanduna suka cika. Ban san wata dabara da ta kai wannan arha da amfani ba a duk sha'anin kile, ina kuma shawartar duk mai kwamfutar tebur ya sayi igiyar tare da kilen a rana ɗaya. Sai dai kada ta wuce mita 5, don nan ne iyakar da aka ɗiba wa irin wannan igiya, mita ɗaya ko biyu ma sun wadatar. Wanda gidansa ke da faɗi, ko wanda zai ɗebo daga wani sashe na gida, gara ya nemi kile mai ɗan ƙaho a jikinsa, don waɗannan ƙananan da ba su wuce farce ba an yi su ne saboda wanda ke zaune ɗaki ɗaya da akwatin wifi.

Akwai wani tambihi game da kafofin. Idan kuka leƙa cikin kafar USB kuka ga harshenta shuɗi ne, galibi ita ce mai lamba 3, wadda ta fito a 2008, ta kuma fi baƙar sauri nesa ba kusa ba. Amma an tabbatar cewa na'urorin da ke aiki a wannan shuɗiyar kafa, kamar faifan ajiya na waje, suna fitar da wata ƙara da kunne ba ya ji, wadda ke faɗawa daidai kan zangon 2,400, ta dame wa kile sauraro. Don haka idan kuka lura duk sa'ad da aka soka faifan ajiya sai intanet ya fara tsinkewa, a raba su, a nisanta kilen da igiyar nan da muka ambata.

Sai kuma mas'alar da ta fi sa mutane fid da rai, wato a soka kile kwamfuta ta yi shiru kamar ba a soka kome ba. Dalili shi ne kowace na'ura tana da harshenta, kwamfuta kuma ba ta jinsa sai an ba ta tafinta, wani ɗan shiri da masu gyara na wannan gefe ke kira pilot, na Kamba kuma su ce direba. Windows 10 da 11 sun zo da tafintoci da yawa a cikinsu, sau da dama da an soka sai a ga sunayen wifi sun jeru. Amma da yawa daga ƴan Kwatanon da ke gidajenmu Windows 7 ke kansu, shi kuwa sai an sa masa da hannu. A kan sami ɗan ƙaramin faifai a cikin kwali, to ga shi kwamfutoci da yawa mazubin faifansu ya mutu ko babu shi sam; a ce kuma a sauko da tafintan daga intanet, alhali don neman intanet ɗin aka sayi kilen. Mafita biyu ce. Ko dai a roƙi mai shago ya kwafe abin da ke cikin faifan a kilen ajiya tun kafin a bar shagonsa, ko kuma a haɗa salula da kwamfuta da igiyar caji mai ɗaukar bayanai, a buɗe partaj ta igiya, a sauko da tafintan daga shafin kamfanin da ya ƙera kilen, irin su TP-Link ko Tenda, a bisa lambar da ke rubuce a jikinsa. A guji shafukan da ba a san asalinsu ba, masu alkawarin gyara kome da dannawa ɗaya, domin ta nan cuta ke shiga kwamfuta.

A nan gaskiya ta wajabta mini in faɗi abin da wataƙila ba zai yi wa masu shaguna daɗi ba. Wanda ya ji wannan dabara ta igiya zai gane cewa idan salularsa ce kaɗai rijiyarsa, kuma rezo, wato alamar kamfanin waya, yana kamawa a inda kwamfutar take, to ba lalle ne ya sayi kile ba, igiyar ta isar masa, har ma tana ba salular caji tana aiki. Haka nan mai kwamfutar hannu, kafin ya yanke hukuncin cewa wifi ɗinta ya mutu, ya duba ko wani yaro ya danna maɓallin da ke kashe shi, mai hoton jirgin sama ko na ƙaho, don na ga waɗanda suka sayi kile saboda wannan kaɗai. Inda kile yake da haƙiƙanin amfani shi ne inda salula sai an kai ta taga ko tsakar gida take samun rezo, ko inda akwati ɗaya ke shayar da gida duka, ko inda na cikin kwamfutar ya lalace da gaske.

Mu zo ga lambobin da ake bugawa da manyan haruffa a kan kwali, 150 ko 300 ko 600, waɗanda mai saye ke ɗauka alkawari ne. Da farko, wannan lissafin megabit ne, shi kuwa forfe da megabait ake auna shi, kowane bait ɗaya bit 8 ne, saboda haka 150 ɗin nan bai cika megabait 19 a daƙiƙa ba, a aikace ma da wuya a sami fiye da rabinsa. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, lambar tana bayyana faɗin hanya ne tsakanin kile da salula kawai, ba ta ce kome ba a kan sauran tafiyar. Tafiyar kuwa doguwa ce. Saƙon da ɗalibi ya aika daga ɗakinsa yana tashi daga kile zuwa salula, daga salula zuwa ƙarfen kamfani, daga nan ya shiga igiyar gilashi da ke binne a ƙasa, irin wadda ta ratso ta garinmu tana haɗa Yamai da Doso da ƙasar Benin, har ya kai gaɓar teku a Kwatano, fiye da kilomita 700 daga nan, inda manyan igiyoyi ke nutsewa ƙarƙashin ruwa su nufi Turai. Malaman hadisi sun koya mana cewa ana auna silsila ne da mafi raunin wanda ke cikinta, kome amincin sauran. To haka wannan silsila take. Da yawa cikinku za su tuna ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a wajen gaɓar ƙasar Kodibuwa, intanet ya yi rauni ko ya ɗauke a ƙasashe da dama na yammacin Afirka; irin haka ta taɓa faruwa a watan Yulin 2009 da igiyar da ake kira SAT-3 ta sami matsala, Benin da Togo da Nijar da Najeriya suka shiga ƙunci. A irin waɗannan ranaku babu laifin kile ko kaɗan. Don haka kafin a zargi abin da ke hannu, a gwada buɗe shafin a salular kanta: idan ita ma ta kasa, matsalar tana gaba, sai haƙuri.

Game da masu zango biyu, waɗanda aka rubuta wa AC ko lamba 5 a kwali, suna da kyau idan salula ko akwatin gida ma suna da zangon 5,000, kuma ana ɗaki ɗaya ko kusa. Ya fi sauri, ya fi ƙarancin cunkoso, amma bango ɗaya na laka yana iya karya shi. Ga mafi yawan gidajenmu zangon 2,400 ne jakin aiki.

Yanzu ga abin da ya keɓanta da mu mutanen iyaka, wanda mutumin Yamai ko na Maraɗi bai cika damuwa da shi ba. Iska ba ta san duwan ba, ba ta kuma san an rufe gada ba. Tun daga ƙarshen watan Yulin 2023, da aka datse gadar da ke tsakaninmu da Malanbil, jama'a suka koma ƙetarewa da kwale-kwale, igiyoyin kamfanonin waya na ƙasashen uku, wato Nijar da Benin da Najeriya, ba su fasa ƙetarowa ba ko na sa'a guda. Wanda ke zaune kusa da bakin kogi, ko a garuruwan da ke fuskantar Kamba, salularsa tana iya sakin rezon gida idan ya yi rauni, ta kama na maƙwabta ba tare da ta yi shawara da shi ba, daga nan kuma lissafin ya zama na matafiyi, wanda forfen gida ba ya biya, sai dai a ci daga kiredi. Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne kamancin suna: akwai Moov Africa a Nijar akwai shi a Benin, akwai Airtel a Nijar akwai shi a Najeriya, MTN kuma yana Benin yana Najeriya, alhali kowanne a ƙasarsa yake da rajistarsa da farashinsa. Idan salula ce kaɗai ke aiki, ɓarnar takan zo da sauƙi. Amma idan kwamfuta na rataye da ita ta hanyar kile, to an buɗe babbar kafa. Maganin abu ne na minti biyu: a shiga saitin salula a kashe intanet na yawo, wanda Faransanci ya kira itinérance, sannan a zaɓi kamfanin gida da hannu maimakon a bar ta tana zaɓa da kanta. Idan kuka ga ƙaramin harafin R ya fito kusa da sandunan rezo, ku sani kun yi tafiya kuna zaune. Masu pis biyu ko uku kuma, waɗanda sana'a ta sa suke riƙe da layin kowace ƙasa, su tabbata wanne ne aka ɗora wa intanet kafin su buɗe partaj.

Na ce kwamfuta babbar kafa ce, ga dalili. Ita a ɗabi'arta tana ɗauka duk wifi da ta samu kogi ne marar iyaka, saboda haka da ta ji an haɗa ta sai ta shiga sabunta kanta a ɓoye, ta sauko da abubuwa masu nauyi, forfen da aka yi niyyar ya kai mako ya ƙare kafin la'asar, mai gida kuma ya hau zargin kamfani ko zargin yara. A Windows 10 da 11 akwai wurin da ake shaida mata cewa wannan ruwa na saye ne, a cikin bayanan wifi ɗin da aka haɗa, inda aka rubuta connexion limitée. A kunna shi tun ranar farko. Almubazzaranci abin ƙi ne ko da a ruwan alwala, balle a abin da aka saya da gumin goshi. Sai dai kada a fahimce ni a kan cewa sabuntawar ba ta da amfani, don ita ce ke toshe kafofin da ɓarayi ke bi. A zaɓa mata lokaci ne, kamar sa'ad da aka sami forfen dare ko wifi marar awo. Masu Windows 7 kuwa su sani kamfanin Microsoft ya daina aiko masa da gyara tun Janairun 2020, don haka kada a yi harkar kuɗi ko ta sirri a kansa.

Wannan ya kawo mu ga babin amana, wanda a wurina ya fi duk abin da ya gabata nauyi. Ranar da aka soka kile, musamman mai ƙaho, mutum zai ga sunayen wifi na maƙwabta sun jeru a gabansa, wani na gidan Alhaji, wani na shagon bakin titi, wani na masu sayar da tikiti da ake kira wifi zon, waɗanda suka ƙaru tun da kamfanin intanet na Starlink ya fara aiki a ƙasarmu a 2025. Ganin suna ba izini ba ne. Na sha jin samari suna cewa ai iska ce, iska kuwa ba ta da mai ita. Amsar ita ce iskar ba a saye ta ba, amma abin da take ɗauke da shi wani ne ya cire kuɗi daga cefanen gidansa ya biya, kuma duk abin da ka ja ya ragu daga rabonsa. Dukiyar mutum ba ta halatta sai da daɗin ransa, haƙƙin maƙwabci kuwa kun san matsayinsa a addini. Wanda aka ba kalmar sirri don wata buƙata, amana aka ba shi, bai kamata ya miƙa wa wani ba, ko da ta hanyar hoton nan mai ɗigo-ɗigo da salula ke nunawa. Leƙen abin da wasu ke yi a kan hanya ɗaya kuma tajassusi ne, wanda aka hana a cikin Suratul Hujurati. Sallama da roƙo sun fi sauƙi, na kuma san gidaje a garin nan da suka haɗa kuɗi suka sayi akwati ɗaya suna sha tare cikin mutunci.

Shi ma mai rijiya akwai abin da ke kansa, wato ya yi mata murfi. Kada ya bar kalmar da akwati ya zo da ita, kada ya sa lambar wayarsa ko sunan ɗansa ko ɗaya zuwa takwas, waɗanda su ne farkon abin da mai gwaji ke gwadawa. Ƙa'ida ta yarda da harafi 8 har zuwa 63, to me zai hana mutum ya haɗa kalmomi huɗu ko biyar da shi kaɗai ya san dangantakarsu, ya cakuɗa Hausa da Dandanci da lamba? A wajen zaɓen irin kulle kuma a ɗauki WPA2 ko WPA3. Tsohon nan WEP tun 2001 masana suka nuna yadda ake karya shi, kilen da bai san wani kulle ba sai shi bai cancanci a saye shi ba ko da kyauta ne. Wanda ya haɗa kwamfutarsa da wifi zon kuma, idan ta tambaye shi wane irin wuri ne wannan, ya amsa mata cewa na jama'a ne, don ta rufe ƙofofinta ga sauran waɗanda suka sayi tikiti.

Iyaye mata da iyaye maza, kalma ɗaya gare ku. Kilen nan yana da wata falala da na cikin kwamfuta ba shi da ita, ita ce ana zare shi. Uwar da ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba tana iya zare shi bayan sallar isha'i ta ƙulle a bakin zanenta, ta mayar da safe, ba ta buƙatar sanin ko harafi ɗaya na Faransanci. A ajiye kwamfutar kuma inda ake wucewa, fuskarta na kallon ƙofa.

Abin da ya rage shi ne kula da lafiyar kayan a yanayinmu. Ƙaramin kile yana ɗumi idan ya daɗe yana aiki, da bazara kuwa har ya kan yi zafin da zai sa ya riƙa yankewa, sai a zare shi ya huce, kada kuma a rufe shi da ƙyalle gaba ɗaya. Salular da ke partaj ita ma tana zafi, kada a sa ta ƙarƙashin matashi ko a bar ta a taga rana na dukanta, don batirinta yana iya kumbura. Da hunturu ƙura na cika kafofin USB, sai a kashe kwamfuta a hure su, kada a sa tsinken ƙarfe. Idan kuran, wato lantarki, ya ɗauke, a zare filogi daga bango kafin ya komo, don sau da yawa da ƙarfi yake komowa. Haka nan da an ga hadari ya haɗo daga gabas ana walƙiya, a kashe a zare, har akwatin wifi ɗin.

Shi dai ɗan ƙanwar tawa, kilensa na nan ɗaure a ƙusar kalanda, salular mahaifiyarsa kuma takan kwana a kan tagar da ke fuskantar arewa, inda rezon gida ya fi ƙarfi, shi yana ciki yana sauko da tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Wanda ke da tambaya a kan abin da muka faɗa, ko wanda kilensa ya ƙi ji bayan ya gwada waɗannan, ya aiko mana da lambar da ke rubuce a jikin kilen da irin Windows ɗin da ke kan kwamfutarsa, za mu duba mu ba da amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri.)